Rubutun da ke ƙarƙashin bijimi

Babana mai gyaran agogo ne, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya tsani tsatsa da dauɗa kamarsa ba. Ka kawo masa agogo don ya canza batir, sai ya riƙe ka a kan benci har sai ya goge bayansa. 'Yan layinsu Baba Ƙyal-ƙyal suke ce masa. Mama kan ce da za ta tsaya wuri ɗaya, da ita ma ya shafa mata man goge ƙarfe.

A cikin wani tsohon agogon bango da ya saya a gwanjo ya tsinci wani kuɗin ƙarfe, maƙale a ƙasan akwatin. Ɗan ƙarami ne, baƙi ƙirin, gefensa ba daidai ba. Ya sa tsumma da mai, sai ga azurfa. Gefe ɗaya fuskar mace ce, ɗaya gefen bijimi ya sunkuyar da kai, da wasu baƙaƙe a ƙarƙashinsa waɗanda ba wanda ya iya karantawa.

Tun ina firamare yake gogarsa. Kowace safiya, kafin ya buɗe agogon kowa, sai ya ciro shi daga aljihun tebur ya murza, ya ɗaga shi wajen haske. Sayarwa ba ta taɓa shiga ransa ba. Abu ɗaya ne ya tsaya masa: wane gari ne ya buga shi? Ya tambayi maƙeran zinariya, ya tambayi malaman makaranta, kowa ya juya shi ya miƙo masa. Yakan ce, "In na san garin, ko a taswira ne sai na gan shi."

Da yanar ido ta fara rufe masa gani, na ce wannan magana ta ishe ni. Na ja shi muka tafi gidan adana kayan tarihi, yana ta mita wai na hana shi aiki, alhali a lokacin ko allurar agogo ba ya gani sosai.

Matar da ke kula da tsoffin kuɗaɗe ta karɓe mu da mutunci. Ta sa safar hannu, ta ɗora shi a sikeli, ta daɗe tana dubawa da madubin ƙara girma.

"Baba, na gaske ne," in ji ta. "Na mutanen Girka na dā ne, ya haura shekara dubu biyu."

Baba ya gyara zama kamar wanda aka yi wa albishir ɗin haihuwa. "To, 'yata, wane gari?"

"Garuruwa da yawa sun buga bijimi. Sunan garin a nan ƙasa ake rubuta shi, amma wurin ya shafe. Nauyinsa ma ya ragu. Wani ya daɗe yana goge shi da mai kaifi, abin tausayi. Wannan baƙin da ake cirewa, shi ke kare shi."

Ta ci gaba da bayanin yadda darajarsa ta faɗi a wurin masu saye. Wallahi ji na yi kamar in toshe mata baki, ko da yake ba ta faɗi ƙarya ba. Baba bai ji wannan ɓangaren ba ma. Babban yatsansa yake shafawa, inda fatar ta yi kanta saboda yawan murza.

Muka kamo hanya a mota har muka kusa gida. Sannan ya ce, "Akwai rubutun lokacin da na same shi. Ɓaro-ɓaro." Na ce ko zai tuna siffar baƙaƙen ya zana? Ya gwada a bayan kwalin batir, ya yi wani abu mai kusurwa uku, hannunsa ya tsaya. Ni ma na gan su ina yarinya, amma ban riƙe ko ɗaya ba, kuma wannan yana ci mini rai har yau.

Bai ƙara taɓa shi da tsumma ba. Ranar da ya rufe shagon gaba ɗaya, ya damƙa mini shi a cikin 'yar ledar da yake zuba ƙananan kusoshi.

"Zai yi baƙi," ya ce. "Ki bar shi ya yi."