Tsautsayin Goggo Mai Wanki

Shekara goma sha tara Goggo tana wankin kayan 'yan gudun tsere a wani ɗaki da ke ƙarƙashin matakalar filin wasa, ba ta taɓa haɗa fari da mai launi ba. Injin wanki biyu ne a ɗakin, da igiyar shanya, da wata 'yar taga daidai da ƙasa, wadda ba ta nuna mata komai sai ƙafafun masu gudu. Ita ma ta yi gudu da ƙuruciya. In an tambaye ta, sai ta ce gwiwa ce ta tsayar da ita. Sai dai 'yan matan sun lura ɗingishin nata yau a dama yake, gobe a hagu.

Koci yana da agogo da usur, Goggo tana da kwandon wanki, kuma kwandon ya fi agogon sanin 'yan matan. Ta san Doguwa ƙafafunta kan yi nauyi kwana uku kafin al'adarta ta zo. Ta san Auta in jinin ya zo ma ta fi sauri, kamar an kwance mata dabaibayi. Wadda ke tsaye mata a rai ita ce Sauro, siririyar yarinya mai gudun mita ɗari huɗu. Duk wata sai agogo ya nuna ta ƙara daƙiƙa biyu, Koci kuwa ya ce lalaci ne.

"Alhamis akwai gwaji," in ji shi. "Ki sake kawo mini tafiyar hawainiyar nan, in ba Doguwa gurbinki a gasa."

Ranar Talata Sauro ta sauko ɗakin wanki, ta kife bokiti ta zauna.

"Goggo, Alhamis kwana na biyu ke nan."

"Na riga ki lissafawa. Marar ce?"

"Da sauƙi, in na gasa ta da ruwan zafi."

"To ba ita kaɗai ba ce. Ta tagar nan nake ganinki. Da kin zo kwanar ƙarshe, inda 'yan kallo ke bayanki, sai ki tsuke taku kamar mai tafiya a kan ƙwai. Me kike ɓoyewa, 'yar nan?"

Sauro ta gyara zama a kan bokitin. Ta ɗaga kai ta dubi fararen gajerun wandunan ƙungiyar da ke jere a igiya.

"Ki faɗa wa Koci mana."

"Gara ya cire ni."

"Kunya dai. Da ana ba da kofi a kanta, da kin cika mana kabad."

Ranar Laraba wandunan suka fito shuɗi mai duhu, duka ashirin da huɗun. Koci, wanda bai cika saukowa ba, ya shigo yana sunkuyar da kai kada ya bugi siminti.

"Goggo, mene ne haka?"

"Tsautsayi, Malam. Sababbin rigunan sanyin nan ne suka yi zuba."

Ya ɗauki ɗaya ya juya. Launin ya zauna daidai ciki da waje, babu dabbare ko ɗaya. Tazugen kuwa fari fat. Ya dubi faratanta, ta yi maza ta tura hannu cikin kumfa.

"Zubar nan tana da hankali," ya ce. "Har ta san ta tsallake tazuge."

"Tsufa ne, Malam. In kora ce, bari in kwashe shanya tukuna."

Ya daɗe tsaye da wandon a hannu, yana kallonsa kamar wanda aka karanta wa wasiƙar da ta shekara a aljihunsa. Ya ajiye, ya fita.

Alhamis Goggo ba ta hau sama ba. Ta tsaya a tagarta har siraran ƙafafun suka zo kwanar ƙarshe, ta ga takun a buɗe. Sauro ba ta kai saurin da ta saba ba, don marar ba ta bar ta sarai ba, amma ta riga Doguwa da taku ɗaya. Ta zube a ciyawa tana riƙe da ciki tana dariya.

Mutum zai ce tausayin Sauro ne ya sa Goggo ta yi abin da ta yi. Haka ne, amma ba shi ke nan ba. Garin rinin da ta rina wandunan da shi ya shekara goma a bayan katan ɗin sabulu. Sau biyu yana dunƙulewa tana sake saye. Tana da shekara goma sha bakwai ta taɓa kasancewa a gaba a irin wannan kwanar, cikin farin wando, wani ya tuntsire da dariya a bayanta. Ta waiga, ta fice daga layi, ta dafe gwiwa. Ba wanda ya duba gwiwar. Tun daga ranar take jiran yarinyar da za ta ba ta hujja.

Da la'asar Koci ya sake saukowa da jaka a hannu.

"Wandunan ƙananan 'yan mata ne," ya ce, idonsa a kan injin. "Ko da za a sake tsautsayi. Kuma duk wadda ba ta iya faɗa mini kwanakinta, ta faɗa miki, ke ki ce mini in sassauta."

"Sai an ƙara sabulu, Malam."

Ta karɓi jakar ta nufi bokitinta. Ta kusa isa kafin ta tuna ba ta yi ɗingishi ba.