Ranar da na sari jingar gonata

Makarantar sakandaren gwamnati da ke bayan unguwarmu a Haɗeja ta girmi 'ya'yana duka. Ina budurwa aka fara gininta, muna kai wa magina ruwa a tulu. Cikin masu kwaɓa ƙasar akwai wanda ya zama maigidana, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa zama a ajinta ba, amma na san ɗakin da aka fara rufa wa kwano, na san darbejiyar da ɗaliban farko suka dasa. Ɗana a can ya yi karatu, jikokina ma a can suke.

Gonar shinkafar da maigidan ya bar mini tana tsakanin katangar makarantar da babbar fadama. Jinga ce ta kewaye ta, tudun ƙasar da muke tare ruwa da shi.

To, wata damina kogi ya cika, ciyawar kacalla ta toshe masa hanya, ruwa ya juyo ya kwanta a gindin katangar makaranta. Tsofaffin ajujuwan nan kuwa ginin ƙasa ne, siminti shafa masa kawai aka yi. Shinkafata ta fitar da kai, har ta fara nuna.

Da hantsi mai unguwa ya yi sallama, tare da shugaban makarantar, mutumin Filato ne da ya yi furfura a garinmu. Wandonsa a naɗe har gwiwa.

Shugaban ya ce, "Iya, in ruwan nan bai sami hanya ba, ajujuwan ba za su kai gobe ba."

Na ce, "Hanyar ina?"

Duk suka sunkuyar da kai. Ta gonata ce.

A wajenmu ba a saran jingar mutum sai shi ya fara sa fartanya da hannunsa. Wanda ya ƙetare wannan, gaba ce har jikoki.

Muka tafi. Maza sun jeru a kan jinga da fartanyu. Na dubi shinkafar. Abincinmu ke nan na shekara, ni da marayun 'yata.

Mai unguwa ya ce, "Iya, rana tana yi."

Na ce, "Kai da na goya, yau kai ke gaya mini rana? Gonarka ba ta nan kusa, shi ya sa bakinka ya buɗe."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta.

Muna tsaye sai kusurwar katanga ta zame cikin ruwa, a hankali, kamar tsohuwa za ta zauna. Ruwa ya nufi ɗakin nan na farko. Shugaban bai roƙe ni ba, ya dai cire hularsa ya riƙe.

Na karɓi fartanya. Na yi bismillah na sara. Ƙasa kaɗan ta ɓalle. Mazan suka ƙarasa, ruwa ya bi ta kan shinkafata, ja wur, ya wuce fadama. Ban juya ba sai da kan shinkafa na ƙarshe ya nutse.

Ajujuwan suna nan tsaye. Shekarar nan tuwon dawa muka ci, ita ma dawar maƙwabta ne suka aiko. Da rani ɗalibai suka zo suka tayar mini da jingar, a karkace. Haka na bar ta har yau.