Takalmi a Ƙofar Alƙali

Warin sabuwar fata ya buge ni yau a unguwar Pelourinho, a garin nan na ƙetaren teku, sai na tuna Baba, badukun da ya rene ni. Shi ya koya mini tuɓe takalmi a gaban manya.

Ina saurayi aka kama ni a tashar jiragen ruwa, wai na saci sukari. Baba ya zo ya sa mini takalminsa. A ƙofar alƙali na sunkuya zan tuɓe, ya riƙe hannuna.

"Bar shi, ɗana. A garin nan bawa ke yawo ba takalmi. Shi bulala ake yi masa, mai 'yanci dole a saurare shi."

Aka saurare ni, aka sallame ni. Da na fito na tarar da Baba tsaye a rana, ƙafa ba komai, bisa duwatsu masu ƙuna.

Allah ya sanyaya makwancinsa.