Keken Surfanin Hamidu

Hamidu ɗan Wurogauri ne, da allura da zare ya koyi surfani a zauren kawunsa, har idanunsa suka fara gajiya. Da ya buɗe shago a Kalgo, sai ya sayar da shanun gadonsa ya sayi tsohon keken surfani mai aiki da kwamfuta. Ba a jima ba angwaye suka riƙa layi a ƙofarsa.

Wata damina tsawa ta ƙone kwamfutar. Ya samo wata, amma manhajar da ke tura zane cikin keken ta ƙi buɗewa. Don tsohuwar Windows aka yi ta, wannan kwamfutar kuwa wani tsari daban mai suna Linux ke cikinta, kuma kamfanin keken ya daɗe da rufewa. Ya hau babur ya kai ta Gwandu wajen Malam Isa mai gyara.

Malam Isa ya wuni a kanta, sannan ya ce, "Na sa mata wata manhaja a tsakani, kamar tafinta. Manhajar kekenka za ta ɗauka tana gidansu. Amma Hamidu, kada ka sabunta komai, kada ka haɗa ta da intanet. In ta ɓaci, ni kaina ban san ko zan iya maimaitawa ba."

Aiki ya dawo, sai dai Hamidu ya daina barin kowa ya matsa kusa da teburin. Ko matarsa Laraba ta kawo abinci, daga bakin ƙofa yake karɓa.

Bayan Babbar Sallah aka aiko masa Malam Isa ya rasu. Ya je ta'aziyya, ya tarar an kulle shagon, kayan gyaran ma an kwashe.

Daga nan abubuwa suka fara sauyawa. Wata rana sunan wata makarantar Islamiyya da yake ɗinkawa ya fito da haruffan Larabci a rarrabe. Sai ganyen da ke cikin zanen surfani ya riƙa gocewa kaɗan, allura tana karyewa. Ya kai kwamfutar Birnin Kebbi, masu gyara suka leƙa, suka ce su ba za su taɓa ba.

Yanzu kullum da safe yakan yi bismillah kafin ya kunna, ya tsaya a kan keken har ya gama. Ranar kasuwar da ta wuce, keken ya tsaya cak a tsakiyar wuyan rigar wani ango, allura a cikin shadda. Ya sake kunnawa, ya ci gaba. Da yamma Laraba ta gan shi yana neman tsofaffin allurorinsa, yana ɗaga su sama, ya kasa ganin kafar da zai zura zare.