Satin da Alhaji Ya Jera da Ni

Shekara bakwai ke nan, a watan nan da muke ciki, da rasuwar maigidana, wanda kasuwar Goronyo ta sani da Alhaji mai albasa. Masu tuna shi a ƙofar gida sukan kawo zancen gaskiyarsa a ciniki da sammakonsa zuwa masallaci, kuma ba su yi ƙarya ba. Ni kuwa da na zauna da shi shekara talatin da 'yan kai, idan watan ya kama, hankalina Manchester yake tafiya, wani babban birni a arewacin Ingila, inda muka yi wani sati guda da har yau ban gama ba kaina labarinsa ba.

Ni 'yar Wurno ce, malamar firamare har na yi ritaya. Zamanmu da Alhaji irin na iyayenmu ne. Yana cin tuwonsa a zaure da maza, ni da yara a cikin gida. In tafiya ta haɗa mu, yana gaba ina baya. Ban taɓa ɗaukar wannan rashi ba, haka na tarar ana yi.

Autarmu ma'aikaciyar jinya ce a Manchester. Da mahaifinta ya fara haki tsakanin gida da kasuwa, ta matsa sai an kawo shi an duba. Likita ya ce zuciyar ta gaji, aiki ba zai yi amfani ba, sai magani da lallaɓawa. Auta ce ke fassara. Alhaji ya ce alhamdulillahi, muka koma gidan Auta. Na yi zaton zai kwanta ya jira ranar komawa. Washegari sai na gan shi da hula a kai.

“Tunda munka zo, ba mu komawa ba mu ga garin mutane ba,” in ji shi. “Hajiya, ɗauko mayafinki.”

A ranar farko garin ya koya mana darasi. Akwai wani ƙaramin jirgin ƙasa da ke ratsa tituna kamar mota. Alhaji ya shige gaba yadda ya saba, Auta ta bi shi don ta samo masa wurin zama, ni ina baya ina gyara mayafi, ƙofa ta rufe da kanta. Na tsaya ina kallon jirgi na tafiya da su, ga yayyafi, ga ni ba waya. Ban daɗe ba suka dawo a wani jirgin, amma fuskar da ya sauko da ita ban taɓa ganin irinta ba, ko shekarar da ruwa ya cinye masa gona a fadama. Bai yi faɗa ba. Ya kama wuyan hannuna a gaban 'yarmu. Kunya ta sa na so in zame, sai ya ce a hankali, “Bari. Wanga gari ba wanda yas san mu.”

Haka muka yi sauran kwanakin a jere. An ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Mun bi bakin wata hanyar ruwa da aka haƙa da hannu, yana kwatanta ta da magudanan da ke ƙasan madatsar ruwanmu ta Goronyo, yana tsayawa ya huta yana cewa kallon agwagi yake. Mun shiga gidan tarihi inda aka ajiye tsofaffin injinan saƙa. Ya daɗe a gabansu. Ya ce mahaifinsa ya yi ta kai kaɗa, wato auduga, kan jaki ana aunawa, bai taɓa sanin inda take ƙarewa ba, wataƙila ma irin nan ne.

Auta ta kai mu wani titi da gidajen abincin mutanen Pakistan suka cika shi hagu da dama. A nan na fara cin abinci a teburi ɗaya da mijina a bainar jama'a. Hannuna ya kasa kai loma. Shi kuwa ya tsinci albasar da aka yanka a gefen nama, ya shinshina, ya ce wannan ruwa ce zalla, ko jariri ba za ta sa hawaye ba. Dariya ta kwance ni, na ci har na nemi ƙari.

Lokacin zafinsu ne, rana ba ta faɗuwa sai kusan goma. Da muka fito gari na haske kamar la'asar, samari da 'yan mata sun yi layi a ƙofar gidajen rawa, kiɗa na girgiza bango. Na ɗauka zai kawar da kai yana a'uziyya. Ya dai ce Allah Ya shirya, kayan nan nasu ba su tare sanyi. Sai muka tarar da wani tsoho na kaɗa ganga a kwana, Alhaji ya tsaya, kafaɗarsa na motsi. A nan ya faɗa mini cewa da ƙuruciyarsa ba a tashi dandali a garinsu Rabah ba tare da shi ba, har kyautar hula ya taɓa ci a rawar kalangu. Shekara talatin ina wanke masa riga ban san wannan ba.

Shekara biyu ya ƙara bayan mun dawo. A titin Goronyo ya koma gaba, na koma baya, don nan kowa ya san mu. Amma tuwon dare ya tashi daga zaure ya dawo ɗakina. Abokansa suka yi ta tsokanarsa wai Turawa sun sauya shi, yana ce musu dokar likita ce.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yau. Da ya ga yadda mutane ke gudun hanya da zarar rana ta yi sanyi don tsoron 'yan bindiga, da yadda manomi ke waiwaye kafin ya shiga gonarsa, na san ransa zai ɓaci ƙwarai, shi da yake dawowa daga cin kasuwa a kowane lokaci ba fargaba. Da ya ga yara na cinikin albasa ta hoton waya, zai ce wanda bai matsa ta da yatsa ba bai saya ba, sannan ya kira jika a ɓoye ya koya masa. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, to amma shi mutum ne mai neman abin dariya ko a bana.

Rumfarsa ta koma hannun wani. Gonar fadama an raba. Abin da ya rage mini shi ne sanin cewa mutumin da aka gaya wa kwanakinsa sun ƙure bai zauna jiran su ba, ya tashi ya kashe su a kaina. Auta takan ce in sake zuwa, wai garin ya ƙara kyau, an yi sababbin gine-gine masu taɓa gajimare. Na yarda da ita. Nakan ce mata ta kawo mini yaran su sha furar Wurno. Manchester kam na riga na gan ta, da wanda ya kamata.