Aikina Yana Ƙarewa da Hantsi

Yanzu a yankinmu ba abin mamaki ba ne dattijo mai allurar shanu ya tashi daga aiki da hantsi, albashinsa cikakke. A zamaninmu kuwa, ko ka zauna a ofis har la'asar, ko ka ajiye aiki.

Saura shekara biyu in yi ritaya bayana ya fara ciwo. In na dawo daga ruga na zauna a benci, da ƙyar nake miƙewa. Na rubuta takarda ina roƙon a bar ni in riƙa yin rabin yini. Na ga ana haka a Garwa ta Kamaru, na kuma gani a Sudan da na je kwas: tsoho yana sauka daga aiki a hankali, ba a tunkuɗo shi.

Shugaban sashenmu, sa'an ɗana ne, ya karanta ya ce, "Baba, rabin yini rabin albashi ne. Babur ɗin ofis ma sai ka mayar." Fansho ne ya tayar mini da hankali, domin a kan albashin ƙarshe ake yanka shi. In an rage yanzu, an rage har ƙarshen raina.

Na ce, "Ranka ya daɗe, zo ka ga rabin da idonka."

Washegari muna idar da sallar asuba na goya shi zuwa wata ruga bayan Burumburum. Shanu ba sa jiran ƙarfe takwas. In ba a yi musu allura kafin su fita kiwo ba, sai gobe. Na gaisa da Arɗo da Fulatanci, aka shiga kamawa ana kayarwa. Shugaba ya riƙe mini kwalbar magani, wata karsana ta taka masa takalminsa mai sheƙi.

Rana na ɗagowa muka gama garke uku. Arɗo ya miƙa masa ƙwaryar nono ya ce, "Yallaɓai, yanzu ku sai ku koma ofis ku fara aiki ko? Mu dai namu ya ƙare."

Ya yi dariya har nono ya zubo masa a riga. A hanya ya ce, "Baba, to daga hantsi zuwa la'asar me kake yi duk shekarun nan?"

Na ce, "Gadin benci."

Bayan mako biyu takarda ta fito: aikina daga asuba zuwa hantsi, matakin albashina yana nan, babur yana hannuna. Na yi ritaya da fanshona cikakke. Tun daga kaina, a sashenmu ba a sake auna aikin mai allura da zaman ofis ba.