Gishirin da Na Aika Gombe

Ina sallame sallar asuba na ɗauki jakata muka kama hanyar tashar Bauchi, ni da maƙwabciyata, wata nas mutuniyar Kaltungo da kowa ke kira Sista. Ita hutu za ta gida, ni kuma Gombe na nufa wajen ƙanwata, da kwalayen gishiri a ƙasan jaka, na naɗe su cikin zani sai ka ce zinariya.

Kada ku yi mini dariya tukuna. Matan gidanmu duk da maƙoƙo muka tashi. Na mahaifiyarmu ya kusa kai ludayi, a ƙauyenmu kuwa ba a ɗauke shi ciwo ba, gado ake ce masa. Ni ma ina da ɗan nawa, da gyale nake rufe shi in zan shiga aji. Sista ce ta zaunar da ni wata rana ta ce ba gado ba ne, wani abu ne wai shi aidin ya yi ƙaranci a ƙasarmu da ruwan da muka sha muka girma. Kaɗan jiki yake so, amma in mai ciki ta rasa shi, a kan ɗan cikin abin ke ƙarewa. Ta ce a wasu ƙasashe cikin gishiri ake zuba shi don kowa ya samu, mu nan kuwa sai a babban kanti. Tana faɗa 'yar farin ƙanwata ta faɗo mini a rai. Sa'o'inta sun shiga makaranta, ita har yanzu ba ta haɗa magana, tsawonta bai wuce na 'yar yaye ba. Ga shi uwar ta sake samun ciki. Tun farkon damina na aika mata gishirin ta hannun wani direba, da saƙon cewa akwai magani a ciki, yanzu kuma zan je in gani da idona.

Hanya ta yi kyau, wallahi. An zuba sabuwar kwalta, mota na tafiya kamar a kan tabarma, illa direbanmu da hannunsa har yanzu ke marmarin komawa hagu, sai yaron mota ya buga ƙarfe ya tuna masa zamani ya canza, an koma tuƙi ta dama. Kowa a motar da rediyonsa, kowa da tasharsa. A gadar Dindima muka tsaya sayen soyayyen kifi. Tun da kuɗin man fetur ya shigo komai ya haukace, kifin da a da ake ba ka gyara, yanzu mai shi ko kallonka ba ta yi. Wata tsohuwa mai gyaɗa kuwa ta ce ita ba ruwanta da naira da kwabo, da sule da sisi ta san ciniki, da su za a binne ta.

Muna wuce Alkaleri gyangyaɗi ya fara ɗibana. Dawa ta yi kai, ta sunkuya, auduga ta fara buɗe baki nan da can. Ni dai tsakanin barci da ido biyu sai na ga gonakin nan sun koma gishiri, fari tas har inda ido ya tsaya, ga mahaifiyarmu tana tafe a ciki da tulu a ka, wuyanta siriri kamar na budurwa, irin wuyan da ban taɓa ganin ta da shi ba. Na buɗe baki zan kira ta, Sista ta taɓa ni ta ce ga Gombe can.

Gombe a kwance take cikin kwari, daga sama kake fara hango ta, rufin kwano na ƙyalli kamar an shanya faranti. Muka gangara. Tudun Wada ta cika ta batse, teloli na ta taka keke a bakin hanya, masu masa na fifita wuta, wannan na Fulatanci, wancan na Tangalanci, Hausa na ratsawa tsakani tana haɗa ciniki. Sista ta ce ba za ta samu motar Kaltungo ba sai jibi, don haka tare muka ƙarasa Kumbiya-Kumbiya, unguwar su ƙanwata.

Ƙanwata ta taso da gudu tana “Adda! Adda!” har sai da na daka mata tsawa saboda cikin. Ta rame, wuyan kuma ya ƙara fitowa. Yarinyar na zaune a gindin darbejiya tana kallon ganye yana motsi, na ɗauke ta, ta yi mini murmushi, ba ta ce komai ba. Surukar ƙanwata, wata dattijuwar Bafulatana da muke kira Dada, ta yi mana jabbama, wato maraba, ta kawo kindirmo mai sanyi. Ni kuwa ko zama ban yi ba na faɗa madafa. Na buɗe tukunyar gishiri, me zan gani? Gishirin kasuwa ne, ruwan toka, da tsakuwarsa da komai.

Na ce, “Ke, ina wanda na aiko?”

Ta sunkuyar da kai. Dada ce ta amsa daga tsakar gida, fuskarta fal fara'a. “Malama, ai mun gode, mun gode. Gobe zan kai ki ki ga aikinsa.”

Washegari da hantsi muka shiga motar Kwadon, inda shanun gidan suke wajen ƙanin mijin ƙanwata. Tafiyar ba nisa, amma raina a ɓace yake, ko gonakin tumatir da Sista ke nuna mini ban kalla ba. Muka sauka, muka ratsa ta cikin kara zuwa ruga. Nan Dada ta yi wani kira can cikin maƙogwaro, sai ga wata farar saniya ta ɓullo daga cikin garke, tana tafe a hankali, fatarta na sheƙi, cikinta ya yi nauyi. Saniyar sadakin ƙanwata ce. A gindin bishiya kuma ga akushi, ga sauran gishirina a ciki, an lashe shi har ya yi santsi.

Jama'a, na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka. Duk damina ina can ina lissafin jariri na samun magani, ashe saniya nake yi wa hidima! Na fara faɗa, na manta da surukuta, na manta a gidan mutane nake. Dada ta tsaya tana kallona, ba fushi a fuskarta, mamaki ne zalla. A wajenta ba ta yi laifi ba. An aiko abu mai daraja daga dangin amarya, an ce da magani a ciki, to ina ake kai gishiri mai kyau in ba wajen shanu ba? Mutum ai ko wane iri ya samu ya jefa a miya. Girmama ni ta yi, iyakar girmamawar da ta sani.

Sista ta ja ni gefe ta tambayi wa ke shan nonon saniyar. Aka ce ƙanwata, kullum ana kai mata. Ta ce to ba duka aka yi asara ba, wani abu kan biyo nono, amma kada a dogara da shi, a tukunya ake son gishirin. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai. Na koma wajen Dada, na sassauta murya, na tambaye ta me ya sa duk garken nan wannan kaɗai aka ware wa.

Ta dube ni kamar na tambayi me ya sa ruwa ke gangara. “Ba ki ga ciki gare ta ba? Mai ciki ake fara ba, don ɗan maraƙin ya fito da ƙwari.”

Na ce, “To Dada, akwai wata mai cikin a Kumbiya-Kumbiya.”

Iska ta kaɗa karan dawa, saniyar ta ci gaba da lasar akushinta, wata balbela ta sauka a bayanta ta tashi. Tsohuwar nan ta daɗe tana shafa wuyan saniyar, sannan ta kai hannu ta taɓa nata wuyan. Daga nan muka dawo gari.

Da yamma Dada da kanta ta shiga madafa, abin da aka ce ta daɗe ba ta yi ba. Ta juye gishirin kasuwa a ƙwarya ta ce a kai wa shanu, ta karɓi sabon kwali a hannuna. Sista ta nuna mata a riƙa rufe shi, a nisanta shi da murhu da rana, a kuma zuba in miya ta kusa sauka. Dada na gyaɗa kai. Can sai ta leƙa tsakar gida inda jikarta ke zaune, ta ce, “Sista, ita wannan fa? Zai yi mata?”

Sista ba ta iya ƙarya ba. Ta ce abin da ya wuce tun a ciki ba ya dawowa, amma a ba ta, zai taimaki jikinta. Dada ta dangwali gishirin da yatsa, ta je ta durƙusa gaban yarinyar ta sa mata a harshe. Yarinyar ta yamutsa fuska, sannan ta yi dariya. Ni dai juya baya na yi, na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Washegari Sista ta wuce Kaltungo, ni na kamo hanyar Bauchi da kwalbar man shanu da Dada ta cusa mini. Ta ce in zan sake aike in yi kashi biyu, kada saniya ta ji an yi mata ƙwace. Ban yi gyangyaɗi ba a dawowa, idona biyu har gida. Abin da na koyo shi ne, aika abu daban, isarsa daban. Na san amfanin gishirin, amma ban taɓa tambayar inda abu mai daraja yake zuwa a gidan da na aika shi ba, damina guda kuma ta tafi a haka.

Lokacin cirar auduga ake sa ran haihuwar. Ba na roƙon namiji, ba na roƙon mace. Ina dai roƙon Allah Ya ba mu wanda in na sake zuwa Gombe zai buɗe baki ya kira ni.